Amfilifayar Bes: Abin da Nake Gaya wa Mai Saye a Shagona na Nima

Shagona yana Nima a Accra, ɗan lungu kaɗan daga babban titi, kuma aikinmu kala uku ne: muna gyaran kayan sauti, muna sayar da na hannu, muna kuma ba da haya ga masu biki. Ni ne da yara biyu masu koyon aiki. Cikin duk abin da ke shigowa shagon nan, miksa ce, kibod ne, makirfo ne, babu wanda ke cin kuɗin samari a banza kamar amfilifayar gitar bes. Yawancin masu zuwa 'yan coci ne, domin a Accra coci-coci ne suka fi kowa sayen kayan kiɗa. Sai masu hailaif da ke bugawa a otel-otel na Osu da Labadi, sai kuma namu yaran Zango da ke haɗa ƙungiya don aure da suna. Addini daban, unguwa daban, amma tambayar farko ɗaya ce: “Masta, wat nawa ce, kuma nawa za ka bari?”

Ba na amsa wannan sai na ji abu biyu: a ina zai buga, kuma yaya hannun mai gangarsu yake. Wanda zai zauna a ɗaki yana koyo, wat 15 zuwa 40 ta ishe shi, kada ya ƙara ko sisi. Amma da zarar ganguna sun shigo, lissafi ya canza gaba ɗaya. Tsirkiyar bes mafi kauri tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, ta gita kuwa sau 82, idan kuma bes ɗin mai tsirkiya biyar ce, irin wadda 'yan coci suka fi so, ta ƙasan tana sauka har wajen 31. Sautin da ya yi ƙasa haka ba ya fita sai lasifika ta tura iska mai yawa, tura iska kuwa ƙarfi yake ci. Shi ya sa mai gita zai cika wuri da wat 30, mai bes kuma da wat 30 ɗin ko kansa ba zai ji ba. A ƙaramin zaure, da mai ganga mai sanyin hannu, wat 100 tana iya yi. Amma mu a nan rabin aikinmu a fili ne, ƙarƙashin rumfa, ranar Asabar wurin makoki ko biki, inda babu bangon da zai dawo da sauti. A irin wannan wuri ba na ba kowa shawarar abin da bai kai 200 zuwa 300 ba. Ba don a buɗe ta duka ba. Don ta yi aiki tana numfashi ne. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana yayyaga sauti, tana zafi, kuma yawan lasifikokin da nake canza wa koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardarsu, daga nan suke fitowa.

Lambar da ke jikin kwali kuma sai an yi hattara da ita. Idan ka ga ɗan akwati da za ka ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat 2,000 da haruffan PMPO, wannan lambar talla ce. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS, wato ƙarfin da amfilifayar ke iya bayarwa a kai a kai. Ko ita ma tana da sharaɗi, domin yawancin kamfanoni suna rubuta ƙarfin da amfilifayar ke bayarwa a kan om 4 ne, om kuwa shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke shigarta. Misali Fender Rumble 500, kaya mai kyau: da lasifikokin da ke jikinta kaɗai wat 350 take bayarwa, sai ka haɗa mata ƙarin akwati mai om 8 sannan 500 ɗin ta cika. Kamfanin bai ɓoye ba, yana rubuce, masu saye ne ba sa karantawa. Kuma ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara a kunne, ɗan ƙari ne kawai. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai ƙarfi ya ƙaru wajen sau goma. Saboda haka wanda ke da 200 yana tara kuɗi don ya koma 300, na kan ce masa ya fara neman ƙarin akwatin lasifika tukuna, zai fi jin bambanci.

Wurin haɗa akwatunan nan ne ake yawan ƙona kaya. Biyu masu om 8 idan aka jona su sun zama om 4, lafiya lau. Biyu masu om 4 sun zama om 2, kuma yawancin amfilifayoyi ba sa ɗaukar wannan. A bayan kowace akwai rubutun mafi ƙarancin om da take jurewa. Yaran haya sukan ga rami biyu a baya su cusa duk abin da ya shiga.

Akwai kuma masu son su yi dabara da amfilifayar gita, tunda ta fi samuwa. A hankali cikin ɗaki ba komai, amma da ƙarfi lasifikarta ba za ta daɗe ba: akwatinta yawanci a buɗe yake ta baya, takardarta kuma ba a yi ta don doguwar tafiya gaba da baya ba. Akasin haka dai yana yiwuwa. Fender ya fitar da Bassman a 1952 don masu bes, daga baya masu gita suka ƙwace ta suka mai da ita tasu. Samarin da ke kallon bidiyo kuma duk burinsu Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969, wat 300 a kan akwati mai lasifika takwas 'yan inci 10. Muryarta ba a magana. Amma ita kaɗai, ban da akwatin lasifika, ta haura kilo 35, kwalaben gilashin da ke ƙara mata sauti kuma in sun gaji sai an yi odarsu daga waje da dala. Wannan ba kayan mai neman araha ba ne.

Ainihin zaɓin da ke gaban mai ƙaramin ƙarfi a Accra guda biyu ne. Ko dai tsohuwa mai nauyi daga cikin na hannun da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, irin su Peavey TNT da TKO, Trace Elliot, Laney, Hartke, ko kuma sabuwar ƙira marar nauyi da ake kira Class D. Ni ina da ɓangare, kuma ba na ɓoye shi: ga wanda kuɗinsa ke ƙirge, tsohuwar nake zaɓa masa. Dalilina ba muryarta ba ce, sababbin ma suna da murya. Dalilina shi ne ranar da za ta lalace, kuma kowace amfilifaya tana da wannan rana. Idan na buɗe tsohuwar Peavey ina ganin komai a fili: taransifoma, manyan kafasita biyu, jerin taransisto a kan ƙarfen da ke shan zafi. In auna da mita, in gano wanda ya mutu, in tura yaro Zongo Lane, wurin masu sayar da kayan lantarki, ya sayo irinsa ko makamancinsa, kafin la'asar mai ita ya zo ya ɗauka. Sabuwar kuwa duk rayuwarta tana kan faranti ɗaya mai ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero. Sau da yawa gyaranta shi ne canza farantin dungurungum, a jira shi daga waje, kuma farashinsa yana bin dala. Wanda ya ga yadda sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi a 2022 ya san abin da nake nufi. Araha ba ta ado, haka ne, amma a sana'armu arahar gaske ita ce kayan da za a iya gyarawa a garin nan.

Duk da haka ba zan zalunci sababbin ba. Rumble 100 nauyinta wajen kilo 10 ne, yaro zai rungume ta ya shiga trotro, ƙaramar motar haya. Tsohuwar TNT kuwa sai mutum biyu, sai tasi ko aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, kuma wannan kuɗi ne duk mako. Wanda ke yawo daga Madina zuwa Kasoa yana bin biki, kuma ba shi da mota, nauyi ma farashi ne a kansa. Cocin da za ta ajiye kaya wuri guda ita ce ba ta da hujjar gudun nauyi.

Sai maganar wuta, wadda ta fi komai ɓata mini rai don asara ce da ake iya kauce mata. Wutarmu a Ghana volt 230 ce, ta Amurka 120. Wani yaro ɗan Mamobi ya shigo mini da kombo, wato amfilifaya da lasifika a akwati ɗaya, mai lasifika inci 15, kawunsa ya aiko masa daga Bronx cikin kayan kwantena. Fes take, ko ƙura babu. Filoginta bai shiga soket ɗinmu ba, sai wani ya yanke shi ya sa masa namu mai ƙafa uku. Ya ce da ya kunna sai ya ji fas, hayaƙi ya fito ta baya. Da na kwance ta, warin ƙuna ne ya fara tarbata. Fiyus ya yi baƙi, kan kafasita ɗaya ya kumbura ya fashe, taransifomar ta dahu. A jikin ƙarfen baya, dab da inda waya ke shiga, ga 120V a rubuce ƙarara. Ya tsaya yana kallona, ya ce, “Masta, me zan gaya wa Kawu?” Na ce, “Ka gaya masa gaskiya, ɗana, sannan ka ce lasifikar da akwatin suna nan lafiya, za mu tashe ta.” Mun kai an sake naɗa taransifomar a kan 230, ta tashi, tana aiki har yau, amma da taransifomar rage wuta ya saya tun farko, da kuɗin da ya kashe bai kai rabin haka ba. Kayan Ingila da na Jamus ba su da wannan matsala, wutarmu ɗaya da su, na Ingila ma har filogin iri ɗaya ne. Wasu kuma suna da ɗan makunni a baya na zaɓar 115 ko 230, a duba shi kafin a jona.

Shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta, musamman 2014 da 2015, sun koya wa duk mai wannan sana'a tsoron janareta. Ƙaramin janareta da aka ɗora wa fitilu da firij da kayan kiɗa wutarsa hawa da sauka take yi. A sa sitabilaiza a cikin kuɗin saye tun farko. A ta da janareta ya daidaita kafin a jona, amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa.

In za ka sayi ta hannu, a wurina ko a wurin wani, ka zo da gitarka da wayarka. Kafin a kunna, shimfiɗa yatsu a kewayen tsakiyar takardar lasifika ka danna a hankali. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In ka ji ƙaiƙayi kamar yashi a ciki, koyil ya taɓa ƙonewa. Sa hanci a ramin iska na baya, ƙuna ba ta ɓoye warinta. Dubi sukurori da bakin jak: kayan da suka zauna kusa da teku, Chorkor ko Teshie, iskar gishiri tana cinsu, kuma tsatsar da ka gani a waje akwai irinta a ciki. Murɗa kowane maɓalli, ƙarar ƙas-ƙas yawanci ƙurar hunturu ce, feshi ɗaya ya wanke ta, kada ta hana ka saye, sai dai ta rage maka farashi. Sannan ka bugi tsirkiyar ƙasa da ƙarfi, ka daɗe kana bugawa har ta ɗauki zafi, don akwai cutar da ba ta nuna kanta sai bayan minti ashirin. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama. Akwatin da kafinta ya yi a gida ba laifi ba ne, muna da masu hannu, in dai an yi shi da katako mai kauri kuma an auna girmansa da ramin iskarsa daidai da lasifikar. Abin da ake gudu shi ne lasifikar jabu da aka manna wa babban suna.

Abu guda da ke rage wa mutum kuɗi sosai, kuma ba kasafai ake tambayarsa ba, shi ne rami mai ƙafa uku a baya da aka rubuta wa DI. Ta nan ake ɗaukar sautin bes a kai miksa, manyan lasifikokin taro su ɗauki nauyin jama'a, taka amfilifayar kuma ta zama ta jin kanka da mai ganga kawai. Inda ake da kayan taro masu kyau, wat 100 mai wannan rami ta fi 300 marar shi amfani. Wanda har yanzu yake wasi-wasi kuma, na kan ba shi hayar irin wadda yake so ya je ya yi biki ɗaya da ita. In ya dawo ya saya, in cire kuɗin hayar daga farashi.

Tsofaffin nan da nake yabo suna raguwa a kwantena, abin da ke sauka yanzu yawancinsa sabuwar ƙira ce, kuma nan gaba kaɗan ita za ta cika teburina. Shi ya sa na tura babban yarona Circle, wurin masu gyaran waya, yana koyon cire ƙananan abubuwan nan da iska mai zafi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da safe yana can, da yamma ya dawo mu gwada abin da ya koya a kan matattun farantan da na tara.