Godiya bayan dawowarmu gida da Inna

Alhamdu lillahi. Daren jiya bayan isha'i muka iso Argungu, kuma yau da asuba Inna da kanta ta ɗebi ruwan alwala a randa, ta yi sallarta a tsaye. Wanda ya gan ta a azumin bara, tana kwana a zaune da matasai uku a bayanta saboda da ta miƙe numfashi sai ya sarƙe, shi ya san girman wannan magana. Ba zan maimaita labarin ba. Kun bi mu tun daga kumburin ƙafa har zuwa Abuja, kun san daren da muka fid da rai. Wata shida ke nan da aikin zuciyar da aka yi mata, an sake hoton zuciya shekaranjiya, likita ya duba ya ce ƙarfin turo jinin ya tashi daga kashi 31 zuwa 46 cikin ɗari. Na mai lafiya yakan kai 55 ko fiye, amma mu da muka ga 31 da idonmu, a nan ofishin na durƙusa na yi sujada.

Akwai mutum guda da nake son farawa da shi, kuma ba godiya kaɗai nake bin sa da ita ba, har da neman yafiya: likitan da ya fara sa wa Inna na'urar bugun zuciya a 2019, lokacin da bugunta ya koma 34 a minti, tana yanke jiki tana faɗuwa a madafa. Da ciwo ya dawo bayan shekaru, ni ce kan gaba wajen cewa aikinsa ne bai yi kyau ba. Na faɗa a gida, na faɗa a waya, na ɗauki alhakin bawan Allah.

Ranar da na gane kuskurena ba za ta fita raina ba. Likitan Abuja ba ya jin Hausa, sai wata nas 'yar Zuru ta bar aikinta ta zo ta tsaya mana tafinta. Inna ta kama hannunta ta ce, "Ɗiyata, tambaya mani shi, wanga batir da anka saka mani shi ya lalace?" Likita ya girgiza kai, ya juya bayan takardar gwaji ya fara zane. Ya ce zuciya tana da hanyar wutarta da Allah ya shimfiɗa mata: daga sama ta dama take tasowa, ta bi wata mahaɗa, sannan ta rabu reshe biyu cikin bangon tsakiya, don ɗakunan ƙasa biyu su matse lokaci guda. Mahaɗar nan ce ta katse wa Inna. Wayar na'urar da aka sa mata kuwa a can ƙarshen ɗakin dama aka kafa ta, inda likitocin duniya suka yi shekaru da dama suna kafawa saboda waya tana zama daram a wurin. Sai dai wutar da ta taso daga nan ba ta hawa waccan hanya mai sauri, cikin tsoka take ratsawa a hankali, sai dama ta riga matsewa, hagu ta biyo baya a makare. Ga shi hagu ce mai tura jini duk jiki.

Inna ta yi shiru, ba ta gane ba. Sai nas ɗin ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, kin san lugude. Mata biyu a turmi ɗaya, in taɓarya ɗaya tana sauka ba kan ƙa'ida ba, ai gumi ake yi, gero bai dakuwa." Inna ta ce, "Ƙwarai kuwa. Har hannu shi gaji banza." Shi ke nan, ta fahimci abin da ni da takardar makarantata na yi wata biyu ina juyawa. Shekaru ana wannan lugude marar daidaito, ɗakin hagu ya gaji, ya saki, ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafa. Likita ya ce ba kowa ke samun haka ba, mafi yawan masu na'urar suna zaune lafiya. Ya fi faruwa ga irin su Inna da kusan kowane bugu na'ura ce ke tayar da shi. Ba don wannan waya ta farko ba, da tuni mun yi mata sadakar arba'in. Likitanmu na farko, in wannan ya iso gare ka, don Allah ka yafe mini.

Abin da aka yi shi ne ƙara wata waya, aka bi da ita ta wata jijiya da ke bayan zuciya har gefen ɗakin hagu, aka sauya na'urar da wadda ke tayar da ɓangarorin biyu tare. Likitan Abuja ya kuma gaya mana cewa yanzu akwai dabarar kafa waya cikin bangon tsakiya don a kamo hanyar asali, wadda likitoci a ƙasar Sin suka fito da ita ta reshen hagu a 2017. Don haka duk mai ɗan uwa da na'ura a ƙirji, in kun ga haki ko kumburi, kada ku tsaya ga duba batir kawai, ku nemi a yi hoton zuciya.

Ke nas 'yar Zuru, kin hana ni faɗin sunanki, na bari, amma daren aiki da kika kawo mini tabarmarki da ruwan zafi a fulas, Allah ya gani. Allah ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka. Kawu na Jega, da ya sayar da shinkafarsa tun farashi bai tashi ba ya turo kuɗin ba tare da an roƙe shi ba, Allah ya cika rumbunka, ya kai ka ɗakin Ka'aba. Direbanmu na tasha da ya kwana cikin mota kwana huɗu ya ƙi karɓar kuɗin jira. Matan Islamiyyarmu da suka sauke Alƙur'ani sau biyu. Liman da jama'ar masallacin unguwa. 'Yan ajinmu na sakandare da suka yi karo-karo, har da waɗanda rabona da su shekara goma sha biyar. Maigidana, da ya riƙe yara da gida bai taɓa ɗaga mini murya ba. Allah ya saka muku da Aljanna Firdausi, ya raba ku da kwanan asibiti, ya jiƙan iyayenku da suka rigaye mu, ya ba marasa lafiyarku lafiya. Amin summa amin.

Waɗanda Inna ta goya a bayanta, ta aurar da su daga ɗakinta, har yau tana tambayata ko waya ce ba ta shiga. Nakan ce mata ƙila sabis ne. Lambar dai ba ta canza ba.

Masu zuwa gaisuwa, don Allah ku bari sai bayan la'asar, tana ɗan kwanciya da rana. Kuma kada a ɗora mata waya a ƙirji ta hagu don ta gaisa da na nesa, a kara mata a kunnen dama. Ta ce in gaya muku ta gode, kuma ranar Juma'a ita za ta dama furar sadaka da hannunta.