Shekara shida a bencin dalma, da fedar da ta mutu a gidan biki

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin shago, bayan shekara shida ina zaune a benci ɗaya a Agadez, tsakanin matattun rediyoyi da hayaƙin dalma. Da gyaran rediyo da amfilifaya na fara. Haɗa fedar jita, ɗan akwatin da makaɗi ke takawa ya canja amon jita, daga baya ya shigo, lokacin da makaɗan biki suka riƙa zuwa da waya a hannu suna kunna wa maigida irin amon da suke so, mai kauri da gurnani, irin na makaɗin jitan nan na Amurka, Jimi Hendrix.

Fedar da ke ba da amon nan, Fuzz Face, kamfanin Arbiter ne ya fito da ita a Landan a 1966, kuma cikinta ba wani tarin kaya: taransisto biyu, rasisto huɗu, kafasito uku, maɓallan murɗawa biyu, sai batir mai bolt 9. Ranta duk yana cikin taransiston nan biyu, waɗanda aka yi da sinadarin jamaniyam. Na asalin, NKT275, ya yi tsada, jabu kuma ya cika kasuwa, shi ya sa mu daga tsofaffin rediyoyin Japan muke ciro namu, masu lambar da ta fara da 2SB, mu tara a gwangwanin madara.

A shekarata ta uku maigida ya bar mini feda guda in haɗa ni kaɗai. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Na fito da sassafe sanye da rigar sanyi, na zaɓi biyu daga gwangwani, ɗaya mai ƙarfin haɓakawa wajen 70, ɗayan wajen 120, kamar yadda aka saba. Na ɗora mita a ƙafar taransisto na biyu, ta nuna bolt 4.5, rabin batir cif. Na shafe akwatin da baƙin fenti don ya yi kyau. Da maigida ya jona ta da jita ya ja tsirkiya ɗaya, sai da maƙwabta suka leƙo. Shi ya buga mata tambarin shago, shi ya karɓi kuɗin.

Abin da ban auna ba shi ne yoyo. Jamaniyam yana zirarar da wuta ko ba a taɓa shi ba, kuma yoyon yana kusan ninkawa duk sanda zafi ya ƙaru da digiri 10. Na san da wannan a baki, ban ɗauke shi da nauyi ba. Ranar wani biki a watan Afrilu, da azahar, makaɗin da ya saye ta ya ajiye baƙin akwatin nan a kan tabarma cikin rana, zafi ya haura digiri 40. Yana tsakiyar kiɗa amon ya fara tsinkewa yana tartsatsi, can ya shaƙe gaba ɗaya, ga dangin ango da na amarya sun yi da'ira.

Washegari ya zo shago ya dire ta a benci. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ci mini rai. Maigida ya ce masa, a gaban mutum huɗu, "Aikin yaro ne, ban duba ba." Na ce, "Maigida, ai kai ka gwada ta da hannunka." Ya ce, "Kai, rufe mini baki." Ya mayar wa mutumin kuɗinsa, ya cire daga nawa wata biyu a jere. Kuskuren nawa ne, ban taɓa musantawa ba. Kalmar nan ta "ban duba ba" ce har yau ban iya haɗiyewa ba.

Da aka tashi na ɗauki fedar na kai ta bayan shago cikin rana, mita a jone. Ina kallo allura ta bar 4.5 tana hawa har wajen 7. Na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma na jingina da randa, cikin ɗan lokaci muryarta ta dawo garau. Babu abin da ya ƙone. Ni ne na saita ta da sanyin asubar Janairu, na tura ta aiki cikin bazara.

Mako uku na yi ina auna gwangwanin nan ɗaya bayan ɗaya da tsakar rana, da hantsaki nake ɗauka, don ko ɗumin yatsa yana canja lissafi. Fiye da rabi na ware gefe. Na cire rasiston 8.2k na sa maɓallin murɗawa a waje, yadda makaɗi zai gyara saitin da kansa idan rana ta ɗaga. Baƙin fenti kuwa na daina. Tun daga nan ba a dawo mana da ko ɗaya ba. Yanzu maigida kan nuna wa masu saye maɓallin nan yana cewa dabararsa ce, ni kuma ina benci ina ji.

Sauran abubuwan da na koya ba su zo da ciwo haka ba. A maƙala ƙarfe a ƙafar jamaniyam kafin a kai masa dalma, zafi na kashe shi. Tsohon kafasito mai ruwa ya riga ya bushe, a sa sabo. Fedar jamaniyam irin tamu wutarta a juye take, kada a haɗa ta layi ɗaya da sauran fedoji, a bar ta da batirinta. Wanda kuma kullum da rana yake kiɗa, a gaya masa gaskiya ya ɗauki mai taransiston silikon BC108. Su kansu Arbiter can suka koma kafin 1970.

Yaron da zai gaje ni na bar masa littafin awo, kowane taransisto da lambarsa da yoyonsa da ƙarfe nawa na auna shi. Baƙar fedar kuma zan tafi da ita, tunda da albashina na wata biyu aka biya kuɗinta.