Godiya daga Mabera, bayan kwana 9 a asibiti

Salama a gare ku 'yan'uwa da abokan arziki. Jiya Lahadi muka yi sujadar godiya saboda ɗan autanmu. Da Baba Fasto ya miƙo mini makirfo sai kuka ya ci ƙarfina, na ce "na gode" sau biyu, na koma na zauna. Abin da na kasa faɗa a gaban ikilisiya shi zan rubuta a nan, don akwai waɗanda bashin godiyarsu ke wuyana, wasunsu ma ba su taɓa taka ƙofar cocinmu ba.

Waɗanda suka san mu sun san ba da son raina na zo Sakkwato ba. Ranar 1 ga Janairu muka kalli bikin Afan a Kagoro, bayan kwana 5 muka ɗora kaya a mota, don an yi wa maigidana canjin wurin aiki. Muka bi ta Kaduna, Zariya, Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, ba mu iso ba sai da dare ya yi. Tun kafin mu taso dangi ke ta ja mini kunne. Kowa yana tuna kisan da aka yi wa ɗalibar nan Kirista a garin nan cikin watan Mayun 2022, mu kuma da muka ga rikicin 2011 a Kafanchan da idonmu ba ma bukatar a koya mana tsoro. Da wannan tsoron na shigo gidan haya a Mabera, na ja ƙofa na rufe.

Rufewa kuwa ta gaske. Daga gida sai coci, daga coci sai kasuwa. Akwatuna 3 na bari a ɗaure a lungun ɗaki, har da wanda labulena da hotunan aurenmu ke ciki, ina cewa ai ba daɗewa za mu yi ba. Da zafin Afrilu ya zo, ma'auni yana wuce 40, ruwan randa kansa kamar an ɗora a wuta, sai na riƙa zama ina lissafin abin da na baro: sanyin dutsen Kagoro da safe, gwaten acca, ɗanyar citta da ba a saye sai dai a tono a bayan gida, rafin da ba ya ƙafewa. A nan kuwa sai na jira mai kura ya kawo jarka. Hausar ma da nake ganin na iya tun ina yarinya sai ta zama mini baƙuwa. Mai albasa ya ce "mi kika so?", maƙwabciya ta ce "kin tashi lahiya?", ni kuma in amsa a taƙaice in wuce. Addu'ata ta safe da ta dare guda ce: Ubangiji, ka mai da mu gida.

Akwai laifina a abin da ya biyo baya, kuma ina so iyaye mata su ji shi. Da damina ta kama, ma'aikatan lafiya suna bin gida gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata wata. Sau biyu suka buga mini ƙofa, sau biyu na yi shiru kamar ba kowa, don ban san su ba. Gidan sauro kuma na daina ɗaurawa saboda zafi. Yarona shekararsa 4.

A daren wata Talata cikin Satumba zazzaɓin da yake yi kwana biyu ya juye. Wajen ƙarfe 1 ya fara jijjiga, idanu suka kafe, haƙora suka datse. Babansa yana Illela, can bakin iyakar Nijar, kuma ba hanyar da ake bi da dare ba ce. Na kira lambobi 4, ba wadda ta shiga. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa na fita tsakar gida ina ihu ba.

Inna maƙwabciyata, ke ce kika fara fitowa, da carbi a hannunki. Wata 8 ina wuce ki da gaisuwar da ba ta kai ta kawo ba, amma ba ki tsaya tambayar komai ba sai "mi yas samu yaro?" Kika karɓe shi, kika kwantar da shi a gefensa, kika hana ni ɗura masa ruwa ko tura masa cokali a baki, abin da likita ya ce daga baya shi ne daidai. Kika ta da ɗanki mai kabu-kabu, kika ce "ɗauko shi ku tahi, ni ina nan da sauran ɗiyan." Kika kwana a ɗakina da 'yan matana biyu, da safe kika yi musu wanka, kika dama musu kunu, kika raka su makaranta. Inna, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki tsawon rai da lafiya, ya sa ki ga jikokin jikokinki.

A asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara masa. Nawa bai dace ba. Ɗan Inna, wanda nake tsammanin ya sauke mu ya juya, ashe yana nan zaune a bakin baranda. Ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa, aka gwada, ya dace. Ƙanena, har yau ka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Duk lokacin da na ga yaron nan yana gudu a tsakar gida, na san jinin wa ke yawo a jikinsa.

Ga likitan da ke bakin aiki a daren, da nas ɗin da ta yi ta neman jijiya a hannun da ya riga ya yi sanyi har ta samu a ƙafa, da sauran ma'aikatan ɗakin yara da suka yi ta allurai da ƙarin ruwa dare da rana: na gode ƙwarai.

Gari na wayewa labari ya kai coci. Ni da nake zama a bencin baya, ana gama albarka in fice kafin a gaisa, sai ga Zumuntar Mata sun cika baranda. Mama shugaba ta tsara su biyu biyu, kowace rana akwai masu kawo abinci, akwai mai kwana da ni. Wata 'yar Zuru ce ta wanke kayan da yaron ya ɓata, wata 'yar Langtang ta riƙe mini jaka da takardun magani don hankalina ba ya jikina, wata Bayerabiya da Hausarta ba ta nuna sosai ba ta zauna tana shafa mini baya ba ta ce komai ba. Ashe kusan dukanmu baƙi ne a garin nan, kowace ta taɓa yin nata kukan kewar gida, ni ce kawai na ɗauka nawa ya fi na kowa. Matasa 2 daga ƙungiyar mawaƙa suka ba da jini a ajiye don wani yaron da zai zo ba shi da kowa. Dattawan ikilisiya suka haɗa abin da ya biya fiye da rabin kuɗin magani, kuma ba wanda ya sanar da shi a bagade.

A dare na huɗu, lokacin da yaron bai farfaɗo sosai ba, Baba Fasto ya zo ya buɗe Irmiya sura 29. Na sha jin aya ta 11, mai zancen shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa, kowa ya haddace ta. Shi kuwa daga aya ta 5 ya fara, inda aka gaya wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila su gina gidaje su zauna, su shuka lambuna su ci amfaninsu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, don a cikin lafiyarsa tasu take. Bai yi wa'azi ba, ya rufe littafin ya yi addu'a ya tafi. Ni kuwa ban runtsa ba. Wata 8 ina roƙon Allah ya fitar da ni daga Sakkwato, ban taɓa roƙa wa Sakkwato komai ba ko sau ɗaya. A daren na fara. Ba ina cewa tsoro ya tafi gaba ɗaya ba, abubuwan da suka faru sun faru, kuma har yanzu akwai ranakun da nake taka tsantsan. Amma yanzu in na ce Sakkwato, fuskar Inna nake gani.

Rana ta shida ya buɗe ido ya ce yana son fura. Rana ta tara aka sallame mu.

Maigidana, na gode da ba ka ɗora mini laifi ba ko da kalma ɗaya, alhali ka san zancen ƙofar nan. Mama da 'yan'uwa a Kagoro da Kafanchan da kuka yi azumi da addu'a, mun ga amsa. Ku kwantar da hankalinku, ba a cikin maraici muke ba. Na kwance akwatunan nan 3, labule ya hau taga, na dasa zogale a bayan ɗaki, gidan sauro kuma kowane dare a ɗaure. Da masu maganin suka dawo zagayen Oktoba ni na fita na tare su.

Mama, in mai zuwa ya samu, a aiko mini da busasshiyar citta da acca mudu 4, rabi na Inna ne, na yi mata alkawarin gwate. Sannan akwai kuloli 3 da faranti ɗaya mai ruwan ɗorawa da suka rage a wurina tun asibiti, ban san masu su ba. Kada a aiko yaro, mai su ta zo da kanta, ƙofa a buɗe take.