Yadda muka fito da binciken jami'armu fili

Ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata jami'a a Jihar Kebbi, kuma a nan aka ɗora mini, tare da wani matashi daga sashen kwamfuta, alhakin gyara ɓangaren bincike na shafin jami'ar na intanet. Mun tarar da shafin cike da hotunan tarurruka da jawaban bikin yaye ɗalibai, amma wanda yake son ya san ko akwai malaminmu da ya yi aiki a kan cututtukan shinkafa, ko a kan ruɓewar albasa a ma'ajiya, ba shi da ta inda zai fara. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin jiha ce ta manoma, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a nan Kebbi a 2015, masu neman irin wannan bayani suka ƙaru.

Daga ɗakin karatu muka fara. Can muka ga kundayen digiri na biyu da na uku jere a kan kanta, ƙurar hunturu ta lulluɓe su, wasu har gara ta fara cin gefensu, alhali kowane ɗaya ya ci wa mai shi shekaru da kuɗi. Muka kafa ma'ajiyar bincike da manhajar DSpace, wadda kyauta ce, kuma jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP ne suka fitar da ita a 2002. Kafa ta bai ɗauke mu lokaci ba. Abin da ya ci lokaci shi ne sanya kowane aiki a shafinsa na kansa, da take da sunan marubuci da shekara da taƙaitaccen bayani, tare da tabbatar da cewa takardun da aka ɗauka da na'ura sun koma rubutun da kwamfuta za ta iya karantawa. Google Scholar, wato shafin Google na neman ayyukan binciken masana, ba ya gane shafin da yake hoto ne kawai, don haka kundin da aka ɗora a haka ɗaya yake da wanda aka bari a kan kanta.

Sai kuma batun sunaye. Malami ɗaya za ka ga ya rubuta Muhammad a wata mujalla, Mohammed a wata, a ta uku kuma ya sa sunan garinsu a ƙarshe, sai ayyukansa su rarrabu kamar na mutum uku. Muka bi tsangayoyi ɗaya bayan ɗaya muna taimaka wa malamai su buɗe lambar ORCID, lambar shaida mai gurbi 16 wadda aka fara bayarwa a 2012, wadda take bin mai bincike duk yadda aka rubuta sunansa kuma duk inda ya koma aiki.

Ba kowa ne ya karɓe mu hannu bibbiyu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijon farfesa ya ce mini, "Yarona, idan na sa aikina a fili, gobe wani zai kwafe shi ya sa sunansa." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wanda aka fi sata shi ne wanda yake ɓoye a ɗaki, domin ba mai iya gano an sace shi, amma wanda yake fili da kwanan wata, shi ne shaidar kansa." Bai amince nan take ba, sai da ya ga an fara ambaton aikin wani abokin aikinsa a mujallun waje. Inda mawallafa suka riƙe haƙƙin bugu, ba mu ɗora takardarsu ba, sai dai mu sa taƙaitawa da lambar DOI da za ta kai mai karatu ga asalin aikin.

Mun kuma rage nauyin hotuna, muka gwada shafin da ƙaramar waya a wurin da sabis yake da rauni, domin yawancin masu ziyartarmu da waya suke shigowa kuma da kuɗinsu suke sayen data.

Aikin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne taƙaita bincike da Hausa. Manomin albasa a Aliero ko masunci a Yauri ba zai karanta takarda mai shafi ashirin da Turancin masana ba, kuma malamin gona da ke zagaya ƙauyuka ma ba shi da wannan lokaci. Nakan zauna da mai binciken in tambaye shi abu uku: me ka gano, wa zai amfana, kuma me kake so ya yi gobe da safe? Amsarsa nake mayarwa sakin layi biyu, in karanta masa ya gyara inda na zarce abin da bincikensa ya tabbatar, sannan mu ɗora, mu kuma naɗi murya ta minti biyu da ake turawa a WhatsApp kuma ake bai wa gidajen rediyo. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ya san cewa haɗarin dalma sananne ne ga masana tun da daɗewa, iyayen yaran ne bayanin bai isa gare su da harshensu ba.

Hukumar jami'a, kamar kowace hukuma, tana duba matsayinmu a jerin Webometrics, mai jera jami'o'i bisa yadda ake ganin ayyukansu a intanet, wanda wata cibiyar bincike ta ƙasar Sifaniya ta fara fitarwa a 2004, kuma hakan ya taimaka mana wajen samun goyon baya. Ni dai na fi auna aikin da wasiƙun da suke shigowa daga masu neman haɗin gwiwa, da kiran da malaman gona suke yi suna neman ƙarin bayani. Don kada aikin ya tsaya idan aka canza mana wuri, mun nemi kowace tsangaya ta ware mutum ɗaya da zai riƙa sabunta bayananta, aka kuma amince cewa ɗalibin babban digiri ba zai kammala sallama ba sai ya miƙa kundinsa ga ma'ajiya, haɗe da taƙaitawarsa ta Hausa.