Allunan da suka tare mana gani a mahaɗar unguwarmu

Da muka tashi gyara mahaɗar da ke fitar da mu kan titin Bauchi, wajen Tumfure a Gombe, kowa babban allon tallan nan na sama ya ɗora wa laifi. Ni kuwa ina da dalilin shiga maganar, domin a kakar zaɓen 2023 wata mota ta daki bayan Keke Napep ɗina a wurin, direban ya fito yana cewa, "Wallahi malam ban gan ka ba." Kuɗin gyara ya cinye mini balas, har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Ashe ba babban allon ne matsalar ba. Wani jami'in kiyaye haɗura da ke zaune a layinmu ya ce mu daina duba wurin a tsaye, mu shiga mazaunin direba mu duba. Nan muka ga abin mamaki. Allon mai POS, na makarantar kuɗi, na mai maganin basir, ga banar ɗan takara ɗaure a turken wuta, duk a kan kwana, duk daidai tsayin ido. Mai fitowa daga layi sai ya cusa kan motarsa cikin titi kafin ya hango ɗan acaɓan da ke tahowa.

Alluna masu lambar waya su suka fi ba ni haushi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyaka a cikin gari, tana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa. Direba ya tsaya karanta lambobi 11 na daƙiƙa biyu, ya shafe mita 28 ke nan idonsa ba ya kan hanya. Kuma a mahaɗa, inda na gabansa zai taka birki ba shiri!

Kada ku tuge allon kowa da hannunku, rigima ce kawai. Mai unguwa muka sa a gaba, kuma ba cirewa muka nema ba. "Alhaji, a matsar da shi baya kaɗan, a ɗaga shi sama," iyakar roƙonmu ke nan, yawancin masu allunan kuma suka yarda.

Banar 'yan siyasa ce ta gagare mu. A kwance yau, gobe da asuba yara sun ɗaure wata a turken nan dai.