Dala 20 a awa, nawa ke shiga aljihu?

Ofishina ƙarami ne a unguwar Bronx ta birnin New York. Muna yi wa masu ƙananan shaguna lissafin albashin ma'aikatansu, muna kuma cike wa mutane takardun haraji. Yawancin masu zuwa namu ne, 'yan zangon Kumasi da Accra, 'yan Yamai, 'yan Kano: direbobin tasi, masu kitso, masu kula da tsofaffi a gida. Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, ranar rufe miƙa takardu, ko abincin rana a tsaye muke ci.

Amma akwai tambayar da ba ta da kaka ba ta da rani. Sabon zuwa zai shigo da takardar albashinsa ta farko, ransa a ɓace: "Alhaji, duba min, an cuce ni." Ba a cuce shi ba. Dala 20 a awa ya ji, ya buga sau 40, awoyin aikin mako, ya samu 800 a mako, har ya faɗa wa mutanen gida.

Sai in zaunar da shi, in ɗauko lissafin 2024 na mutum marar aure. Kafin komai ana cire kashi 7.65 cikin ɗari, wato 6.2 na asusun fansho na gwamnati da 1.45 na Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi. Dala 61 ke nan, kuma wanda ya ɗauke shi aiki ma yana zuba irin wannan daga nasa aljihun. Sai harajin tarayya. Cikin dala 41,600 na shekara, 14,600 ba a taɓa su. 11,600 da ke biye kashi 10, ragowar kashi 12. Ya kama kusan 58 a mako. Jihar New York ta karɓi wajen 32, birnin ma yana da nasa, wajen 23. Abin da zai rage wajen 626 ne. Da a Texas ko Florida yake, inda jiha ba ta karɓar harajin albashi, da ya tashi da kusan 680.

Wasu kan ƙi aikin ƙarin lokaci, wai in sun haura matakin haraji na gaba za a caje su sabon kaso kan dukkan kuɗin. Ba haka ba ne, abin da ya haura layin kaɗai ake yi wa sabon kaso. Mai mata da yara kuwa, takardar W-4, wadda ke nuna harajin da za a riƙa cire masa a albashi, da ya sa wa hannu ranar fara aiki ba tare da ya karanta ba, ita ke sa a cire masa fiye da kima, ya zauna jiran IRS, hukumar harajin tarayya, ta mayar masa bayan shekara.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu takardar 1099, wato masu aikin kansu, kamar direbobin Uber. Kuɗinsu na zuwa ba a cire musu haraji ba, sai su ɗauka duk nasu ne, su tura gida a sa harsashin gini. Alhali rabon ma'aikaci da na mai ɗaukar ma'aikaci, kashi 15.3, duka a wuyansu yake, ban da harajin tarayya da na jiha. Ina ce musu su ware akalla kashi ɗaya cikin huɗu a wani asusu daban, su riƙa biya sau huɗu a shekara: Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Wanda bai ji ba, a watan Afrilu nake cike masa takardar roƙon IRS ta yarda ya biya bashin kaɗan-kaɗan, ga ruwa da tara a kai.