Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Takardar Disamba

Masu bibiyar wannan labari, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya a inda na fara shan maganin da likita ta rubuta min, bayan ta tabbatar min cewa abin da ya kwantar da ni tun da na rasa aikina a lokacin korona ciwon damuwa ne, ciwo mai suna da magani, duk da wasu a gida sun daɗe suna kiran sa lalaci. Yau za mu shiga ƙarshen shekarar 2021.

Zuwa tsakiyar Disamba magani ya fara kama jikina. Dama ta gaya min kada in sa ran canji a kwana biyu ko uku, irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani ma har shida, kafin mutum ya ji bambanci. Abin da ya fara dawo min ƙarfin jiki ne. Ina yin wanka ba sai an yi min magana ba, waya ta yi ƙara in ɗaga. Farin ciki dai da sauransa. To wanda ya daɗe a kwance, ranar da ya ji ɗan ƙarfi gani yake zai biya bashin duk watannin da suka kuɓuce masa a dare ɗaya. A irin wannan dare na ɗauko takarda da biro, bayan yara sun yi barci, na rubuta ƙudurorina na sabuwar shekara.

Har yanzu takardar tana nan, shi ya sa zan iya karanto muku. Zan daina damuwa kwata-kwata. Zan daina yi wa iyalina tsawa. Zan riƙa tashi ƙarfe huɗu in yi gudun awa guda kullum. Zan karanta littafi ɗaya duk mako. Zan samu aikin da ya fi wanda na rasa kafin Maris ya ƙare. Zan biya duk wanda yake bi na. Zan ajiye magani a Fabrairu. Haka na yi ta jerowa har na juya bayan takardar. Na kwanta ina jin kaina wani sabon mutum, na kuma ƙosa ranar komawa asibiti ta zo in nuna wa likita.

Ranar da na je, kamar kullum, sai da na fara cike takardar tambayoyin nan da suke kira PHQ-9. Tambayoyi 9 ne a kan mako biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, sha'awar abubuwa, tattara hankali, har da ko mutum yana jin gara ma ya mutu. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3, jimla 27. Ranar farko na haura 20, wato mai tsanani. A wannan rana na sauko ƙasa da 15. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta ce an samu ci gaba. Nan na zaro takardata na miƙa mata.

Ta karanta gaba da baya ba ta ce uffan ba. Sannan ta cire tabarau.

"Malam, yaushe ka rubuta wannan?"

"Daren shekaranjiya, likita."

"Ranar kana jin daɗin jikinka ko?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"To wa zai aiwatar da ita? Mai jin daɗin nan, ko wanda ka ce min ranar Talatar da ta wuce bai iya fitowa daga ɗaki ba sai da rana ta take? Ai dukkansu kai ne, kuma dukkansu za su shiga Janairu. Idan takarda ta fi ƙarfin na biyun, ranar da ya zo yaga ta zai yi, ya ce dama ya sani ba zai iya komai ba."

Ban ji daɗin maganar ba, gaskiya. Yabo na zo karɓa. Ta ɗora bakin biro a kan layin farko ta ce in nuna mata yadda ake daina damuwa: ƙarfe nawa ake yi, a ina, minti nawa yake ɗauka. Na buɗe baki na rufe. Ta ce abin da zuciya take ji ba ya karɓar umarni, kuma wanda ya sa wa kansa dokar kada ya damu, ranar da damuwar ta zo ya zama yana da biyu, ta asali da ta karya doka. Abin da ke hannun mutum shi ne ƙafarsa da hannunsa da agogonsa. Ta ba ni labarin wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Lewinsohn, wanda tun shekarun 1970 ya yi bayanin yadda ciwon damuwa yake ciyar da kansa: mutum ya janye daga abubuwan da ke ba shi ɗan jin daɗi, rashinsu ya ƙara nauyin zuciya, nauyin ya sa ya ƙara janyewa. Hanyar da aka gina a kan wannan bayani ita ce a fara aikin tun kafin sha'awarsa ta zo. Sau da yawa sha'awar a baya take biyowa.

Maimakon layin farko sai ta rubuta min wani abu da na ɗauka wasa ne. Kullum da yamma, lokaci ɗaya, in zauna da littafin rubutu minti 15 in damu son raina. Idan tunanin bashi ya taso min da safe ko da rana, in rubuta shi a layi ɗaya in ce masa mu haɗu da yamma. Na yi dariya. Daga baya na ga abin mamaki: rabin abubuwan da na ajiye wa yamma, kafin yamman ta yi sun huce, ina kallon su a takarda ina tunanin me ya tayar min da hankali a kansu.

Maganar aiki ba ta daɗe a kai ba. Ta ce ɗaukar aiki a hannun wani yake, aika takardar nema ce a hannuna, don haka in rubuta abin da ke nawa. Gudun awa guda ma da murmushi ta soke shi.

Inda fuskarta ta canza shi ne layin magani. Ta ajiye biro ta dube ni sosai. Ta ce wannan ne layi mafi hatsari a takardar, kuma shi ta fi gani a wajen masu irin ciwona da zarar sun ji sauƙi. A ƙa'ida, ko bayan mutum ya warware, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, saboda wanda ya tsaya da wuri ciwon ya fi saurin dawo masa. Idan lokacin bari ya yi, a hankali ake rage shi tare da likita. Wanda ya yanke shi farat ɗaya yana iya fama da jiri, tashin zuciya, rashin barci da fargaba, har ya ɗauka wani sabon ciwo ne ya same shi. "Ranar ajiye magani ba kalanda ce take sa ta ba, Malam. Ni da kai za mu sa ta."

Da muka gama, abin da ya rage bai cika rabin shafi ba. In tashi lokaci ɗaya kowace safiya, ko na yi barcin kirki ko ban yi ba, waya kuma ta kwana a wajen ɗaki. Idan na raka yara makaranta, kafin in koma gida in ƙara tafiyar minti 10. In kira mutum ɗaya duk mako. In sha magani, in zo ranar da aka sa min. Sai zaman yamman nan. Ta nace a kan cewa tafiyar a ɗaure take da rakiyar yara, saboda ƙudurin da aka rataya a jikin abin da dama ana yi kullum ya fi wanda aka bari a sake. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi fice a binciken wannan dabara ta "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Na ce mata na ji Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ta ce haka ne, can za mu je, amma yau daga ƙofar gida za mu tashi.

A can ƙasan shafin ta sa na rubuta da hannuna abin da zan yi idan baƙin tunanin nan na tambaya ta tara, wato jin gara ma in mutu, ya dawo: wanda zan fara gaya wa, lambar Yayana, da cewa zan taho asibiti a ranar ba sai na jira lokacin da aka ba ni ba. Hannuna na rawa na rubuta. Wannan layin ban taɓa tunanin yana cikin ƙudurorin sabuwar shekara ba, amma duk wanda ya taɓa shiga irin halin da na shiga, ina ganin da shi ya kamata ya fara.

Da daddare Yaya ya leƙo gaishe mu. Shi ya yi ta ɗawainiya da gidana duk tsawon watannin nan, ba zan taɓa mance masa ba, amma mutum ne mai son abu da ƙarfi-ƙarfi. Ya karanta sabuwar takardar, ya ɗago.

"Ƙanina, wannan ne shirin magidanci na shekara guda? Tafiyar minti goma? Ai ko yaron da ke koyon tatata ya fi haka."

Mai ɗakina ta ce, "Yaya, a bar shi ya bi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji shi. "Ki ƙarasa karin maganar mana."

Muka yi dariya dukkanmu, amma maganar ta kwana a raina. Shi kuɗin haya yake gani da kuɗin makarantar yara, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ni kuma na san abin da bai sani ba, cewa akwai safiyar da saka takalmi kaɗai aiki ne.

Daga baya, da hankalina ya dawo har ina iya karatu, na bi sawun wannan magana ta ƙudurorin sabuwar shekara. John Norcross na Jami'ar Scranton a Amurka ya bibiyi mutum 200 tsawon shekara biyu a shekarun 1980. Bayan mako guda kashi 77 cikin ɗari suna riƙe da ƙudurinsu, bayan shekara biyu saura kashi 19. Masu yi wa ƙudurori dariya a nan suke tsayawa. Amma a wani bincikensa na 2002, bayan wata shida kashi 46 na waɗanda suka ɗaura niyya suna kan bakansu, alhali cikin masu son canji da ba su ɗaura ba kashi 4 ne kawai suka canza. Wato ɗaura niyyar tana da amfani, yadda ake ɗaura ta ne abin dubawa. Wani bincike a Suwidin a 2020, kan mutum sama da 1,000, ya nuna masu cewa "zan fara kaza" sun fi masu cewa "zan daina kaza" dacewa bayan shekara, kusan kashi 59 da kashi 47. Da na sake duba takardata ta farko, layukanta biyu na farko duk "zan daina" ne.

Janairu ta fara lafiya. Ina tashi, ina raka yara, ina zagayawa ta bayan makaranta in dawo. Wata rana ma na wuce minti goman ban sani ba. Sai wajen tsakiyar wata saƙo ya shigo daga wani wurin da na nemi aiki, layi biyu, suna godiya, sun ɗauki wani. Washegari ban raka yara ba. Wanda ya biyo baya ma haka. Na ja labule na kwanta, muryar nan da na sani ta dawo tana cewa ka gani ko, minti goma ma ya gagare ka. Abu ɗaya da bai tsaya ba shi ne magani, shi ma don mai ɗakina tana ajiye shi da kofin ruwa a gefen gado ta tsaya sai na haɗiye.

Da na koma asibiti na ce wa likita komai ya rushe, sai dai a sake lissafi daga farko, tunda na ji ana cewa sai an jera kwana 21 ba fashi abu yake zama ɗabi'a. Ta ce wannan lissafin ba daga binciken ɗabi'a ya fito ba, daga maganar wani likitan gyaran fuska ne a 1960 kan yadda majinyatansa suke sabawa da sabuwar kamarsu. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan da mutum 96 ya nuna matsakaicin lokaci kwana 66 ne, wani a kwana 18 ya saba, wani lissafinsa ya kai 254. Kuma fashin rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Ba ta tambaye ni me ya sa na tsaya ba. Cewa ta yi gobe in raka yaran kawai, ko da ba zan ƙara taku ɗaya a kai ba, tafiyar ta dawo jibi. Ta kuma tambaya ko baƙin tunanin ya zo. Na ce ya leƙo, bai zauna ba. Ta matso da ranar dawowata kusa.

Saura kiran mako-mako. Na fara da masu sauƙi, ƙanwata, wani abokin ƙuruciya da ba ya tambayar komai sai labarin ƙwallo. Amma akwai suna ɗaya da nake tsallakewa duk mako, wani da muka yi aiki ofis ɗaya, wanda ya ranta min kuɗi a farkon zamana a gida. Ya kira ni har ya gaji ban ɗaga ba, kunya ta hana. A makon ƙarshe na Janairu sunayen masu sauƙi suka ƙare. Na zauna da wayar a hannu har allonta ya mutu, na kunna, ya sake mutuwa. Mai ɗakina ta wuce ta ce, "Ka kira shi mana, ai ba cinye ka zai yi ba."

Na danna. Ko gama ƙara ta farko ba ta yi ba ya ɗaga, ya ambaci sunana da ƙarfi, ya ce wata nawa yana nema na, kuma ba maganar kuɗi ba ce. Abin da ya gaya min, da yadda Yaya ya shigo cikin zancen har muka yi kwanaki ba ma magana, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.